Shirun Da Na Yi A Jana'izar Baffa Umaru

Shekara tara ke nan da rasuwar Baffa Umaru, ƙanen mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina aji uku na firamare har na gama jami'a. Kafin in ce komai, ina so mai karatu ya sani cewa shekara tara ba kwana tara ba ce. Akwai abubuwan da nake gani tar kamar jiya aka yi su. Akwai kuma waɗanda na yi ta juyawa a raina, har ban san ko yadda suka faru nake tunawa ba ko yadda na so a ce sun faru. Inda na tabbata zan faɗa, inda nake shakka ma zan faɗa.

Baffa malamin lissafi ne, ya shekara talatin da wani abu yana koyarwa a makarantun sakandare a nan Sakkwato. Gidanmu na gado yana Ƙofar Atiku, zaure ɗaya, magidanta bakwai, wasu malamai wasu 'yan kasuwa. Lokacin da gwamnati ta gina rukunin gidaje a bayan gari, ta ce ma'aikata su shiga a riƙa cire kuɗin daga albashinsu har gida ya zama nasu, Baffa ya ba da sunansa. Babban wansu, Alhaji Sani, mai sayar da hatsi a kasuwa, ya hana shi. Ya ce ga fili a bayan gida, a ja masa ɗaki biyu, ya fi masa ya kwana ƙarƙashin rufin da ba a gama biya ba. Baffa ya ɗauko takarda da biro ya zana masa lissafin: wata kaza, shekara kaza, abin da ya rage a cire daga garatutinsa, wato kuɗin sallama, ranar da ya yi ritaya. Babu kuɗin ruwa a ciki, wannan ya fara bincika kafin komai. Alhaji ya ce shi bai iya lissafin takarda ba, mudu ya sani. Daga ranar ba su ƙara tayar da maganar ba. Ina ƙarami a lokacin, matar Baffa, Inna Kulu, ce ta ba ni wannan labari daga baya.

Lissafin Baffa bai kuskure ko da kwabo ba. Abin da bai sa a ciki ba shi ne jinkiri. Ya yi ritaya, albashi ya tsaya, cirewar wata-wata ta tsaya, garatuti kuwa bai fito ba. Fansho ya zo wannan watan ya ƙi wancan. Ofishin da ke kula da gidajen bai san da wannan ba, ko ya sani bai ga ya shafe shi ba. Su dai sun ga watanni suna wucewa ba a biya ba, sai suka fara rubuto wasiƙa, suka kuma ɗora tarar jinkiri.

Na dawo daga jami'a ina jiran kiran bautar ƙasa lokacin da ya nuna mini. Bayan la'asar ne, muna zaune a ƙofar gida. Ya ciro wasiƙa daga cikin wani tsohon littafin darasi, ya ce idonsa ba ya kama ƙananan baƙaƙe yanzu.

"Karanta min, Bashiru. Mi sunka ce?"

Na karanta. Ya saurara har ƙarshe, har da lambar fayil, sannan ya yi 'yar dariya.

"Ka ga ikon Allah. Hannunsu na dama na bina, hannunsu na hagu na riƙe da nawa. Ranar da sunka biya ni sai su cire nasu, a rabu lahiya." Ya ninke takardar ya mayar. "Wagga magana tsakanina da kai ta. Kada Innarka ta ji, hawan jini gare ta. Alhaji kuwa, ko a mafarki."

Na ce to. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, haka aka koya mana, kuma a gaskiya na ji daɗi da ya zaɓe ni. Yana da ɗa namiji, Nasiru, da 'ya, Balkisu, duk sun girme ni, amma ni ya kira. Wata bakwai bayan haka, ko takwas, ya kwanta ciwon kwana huɗu ya rasu.

A Ƙofar Atiku aka yi masa sutura. Duk wanda ya taɓa halartar jana'iza a garin nan ya san abin da ake yi kafin a ta da kabbara. Ana ajiye makara, liman ya juyo ya fuskanci jama'a ya tambaya ko akwai mai bin mamaci bashi. Ba don a tozarta kowa ake yi ba. Malamai sun karantar da mu cewa mutum yana nan a rataye da bashinsa har sai an biya ko wani ya ɗauke masa, don haka ake so a sauke masa kafin a kai shi.

Liman ya tambaya. Wani tela ya ce akwai kuɗin ɗinkin sallah, ya yafe. Garba mai nama ya ɗaga hannu daga baya ya ce, "Ina bin Malam na balangu sau biyu, na yahe, Allah shi ba shi wanda ya hi shi." Har wasu suka murmusa cikin hawaye. Liman ya sake tambaya. Sai Alhaji Sani ya ce, da muryar nan tasa ta kasuwa, "Dut abin da aka bin ƙanena na ɗauka. A same ni rumfa."

Ina sahu na biyu, kafaɗata na gogar ta Nasiru. Na san adadin, na san lambar fayil, na san littafin da wasiƙun ke ciki. Ban ce komai ba.

Na yi shekaru ina tsara wa kaina dalilai, kuma ba zan ce duk na banza ba ne. Amana ce aka ba ni. Sannan na ɗauka tambayar liman ta mutane ce, masu fuska da baki, waɗanda za su iya cewa na yafe, ofis kuwa ba ya zuwa jana'iza. Na kuma lissafa cewa abin da Baffa ke bin gwamnati ya fi abin da take bin sa, to wa ke bin wa? Amma in zan faɗi gaskiya, ina jin babban dalilin bai kai waɗannan kyau ba. Shekarata ashirin da huɗu, ban taɓa ɗaga murya a gaban manyan gidanmu ba, kuma na ji tsoron fuskar Alhaji in ya gane, a gaban dukan unguwa, cewa abin da ya hango ne ya faru. Na zaɓi in kare Baffa daga kunyar minti biyu.

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da sauƙi. Bayan sadakar arba'in aka kira malamin da ke raba mana gado. Da yake ni ne ɗan boko na kusa, ni aka ba biro in rubuta dukiya. Kafin ya fara, malamin ya yi tambayar da dole ya yi, domin ba a raba gado sai an fitar da bashi da wasiyya. Aka ce babu, Alhaji ya sallami kowa. Na sunkuyar da kai na rubuta gida a layin farko, kamar gidan da aka gama biya. Aka yi masa kuɗi aka raba. Nasiru ya ce shi kuɗi yake so ya ja jari. Don kada a sayar da gidan, Inna Kulu ta sayar da gonar da ta gada a wajen mahaifinta, ta haɗa da 'yan kunnenta, ta biya shi kasonsa. Ina kallo ta sayi abin da bai gama zama namu ba. Na gaya wa kaina garatuti na nan tafe, zan bi takardun a hankali in rufe ramin ba wanda ya ji.

Ban rufe ba. Na tafi bautar ƙasa, na dawo, na yi ta hawa da sauka a ofisoshi da fayil a hammata. Kusan shekara biyu bayan rasuwar, aka shiga sabon yunƙurin karɓo basussukan gidaje, aka ba da sunayen waɗanda suka daɗe ba su biya ba a karanta a rediyo, tare da gargaɗin cewa za a karɓe gidajen. Alhaji yana rumfarsa da hantsi, ana auna gero, ya ji an kira sunan ƙanensa cikakke, har da lambar gida. Mutumin da ya shekara biyu a kabari.

Bai aiko a kira ni ba. Da kansa ya zo, ya same ni a zaure.

"Kai aka ba biro ranar rabo. Ka san da wanga abu?"

Na ce na sani.

"Tun yaushe?"

Na faɗa masa.

"Liman ya tambaya, kana tsaye, bakinka cike da magana?"

"Amana ya ba ni, Baba."

"Amanar mai rai ta, Bashiru. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ya zauna a kan dakali. "Ni na ce na ɗauka, ban san mi na ɗauka ba. Shekara biyu ina barci, ina cewa na sauke mai kaya."

Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini. Inna Kulu ma ba ta yi faɗa ba. Abin da ta tambaye ni kawai shi ne ko Baffa ya sha wahalar abin a ransa kafin ya rasu. Na ce mata a'a, yana ma dariya a kai. Ban sani ba ko gaskiya na faɗa mata.

Ba na so a karanta wannan a ɗauka ina cewa gwamnati ba ta yi komai ba. Ta yi, kuma na ga waɗanda suka amfana. A iya tunawata, sau uku aka fito da wani sassauci a cikin shekarun nan, ko da yake ina iya haɗa biyu su zama ɗaya. Na farko, aka ce duk wanda ya biya ragowar kuɗinsa a dunƙule cikin 'yan watanni za a yafe masa tara. Wannan ya yi wa mai kuɗi a hannu daɗi, amma wanda ke da kuɗi a dunƙule ai da ma ba zai shiga jerin ba. Na biyu, aka ce za a shimfiɗa biyan a kan ƙarin shekaru, a rage abin da ake cira duk wata. Tsari ne mai kyau, sai dai daga albashi ake cira, Baffa kuwa ba shi da albashi. Na uku kwamiti ne na tantancewa, ya zauna, ya karɓi takardunmu, ya tashi. A duk fom ɗin da na cike, ban ga gurbin da aka tanada don wanda ya mutu yana jiran haƙƙinsa ba.

Na tuna wani akawu a ɗaya daga cikin ofisoshin, dattijo mai fara'a, da na je da fom na biyu. Ya duba ya ce sai mai fayil ya zo da kansa ya sa hannu. Na ce ya rasu. Ya ajiye biro ya yi masa addu'a sosai, har da shafawa, sannan ya ce, "Malam, mu nan ba mu san mutuwa ba sai an rubuto muna ita." Na kawo takardar asibiti, aka ce ta kotu ake so. Na kawo ta kotu, aka ce wa'adin ya wuce da sati ɗaya. Ban riƙe shi a zuciya ba. Shi ma, kamar yadda ya gaya mini, saura shekara biyu ya yi ritaya, kuma a irin gidan yake zaune.

Abin da na roƙa tun farko ƙarami ne a ganina: ofishin da ke riƙe da garatutin Baffa ya rubuta wa ofishin da ke bin sa, a cire wannan daga wancan. Tsakanin ofisoshin biyu tafiyar minti goma ce a kan babur, na auna ta ba sau ɗaya ba. Wataƙila akwai wata doka da ta hana, wadda ban sani ba, ni ba lauya ba ne. Amma na kasa gane yadda za a ci tarar mutum saboda jinkirin da ba shi ya yi ba.

Alhaji bai janye maganarsa ba. Duk kaka, in ya sayar da hatsi, sai ya ƙullo wani abu a leda ya ba ni in kai, kuma wannan ne ya hana a karɓe gidan. Amma kasuwa ta juya masa baya a shekarunsa na ƙarshe, ledar tana ta ƙanƙancewa. Rabin garatutin ya fito bayan shekara shida, lokacin da kuɗin ba sa sayen rabin abin da za su saya a da. Inna da Balkisu suka ce a zuba shi duka a bashin. Nasiru ya yi gardama, ya ce a ba shi kasonsa na garatutin, gida kuwa an riga an raba an ba shi nasa, kuma ba shi ya ɓoye magana ba. Daga baya ya yarda. Har yau gaisuwa ce kawai tsakanina da shi, kuma ban ga laifinsa ba.

Shekara uku da suka wuce Alhaji Sani ya rasu. Aka ajiye makararsa a daidai inda aka ajiye ta Baffa. Limamin ma shi ne, ya ƙara tsufa, sai an riƙe masa hannu. Ya juyo ya yi tambayar. 'Yan kasuwa suka yi ta yafewa, 'ya'yansa suka ce sun ɗauki saura. Ni kuwa na san akwai kayan da ya ɗauka a wannan fili da bakinsa, bai gama saukewa ba, kuma 'ya'yansa ba su san nauyinsa ba. Na ce, "Akwai ragowar kuɗin gidan Baffa Umaru da ya ɗauka. Ya dawo kaina." Muryata ba ta fita sosai ba, sai da liman ya ce in maimaita. Na maimaita. Mutane suka waiwayo, wasu ba su ma gane zancen ba. Liman ya ce Allah ya ba da ikon biya, ya juya ya ta da kabbara. Duka abin bai kai minti ɗaya ba. Abin da na kasa ke nan shekara shida kafin ranar.

Yanzu ina koyarwa, ina biya kaɗan-kaɗan duk wata. In lissafina daidai ne, kuma ni ban kai Baffa iya lissafi ba, saura shekara ɗaya da 'yan watanni. Ba a yarda a canja sunan fayil ba sai an gama, saboda haka duk rasit da sunansa yake fita. Saƙon tabbatarwa ma tsohon layinsa yake zuwa, wanda ke cikin wayar Inna Kulu. Duk ƙarshen wata waya ta yi ƙara, Balkisu ta karanta mata: Malam Umaru, mun karɓi biyanka, mun gode. Na so in sa a canja lambar. Inna ta ce a bar ta.

Nakan tambayi kaina me Baffa zai ce da ya ga yau. Ya ga sababbin rukunin gidaje suna tashi a hanyoyin fita gari, ana tallarsu da irin kalmomin da aka tallata nasa. Ya ga ƙananan malamai a ɗakin hutunmu suna cin bashi ta waya kafin tsakiyar wata, in sun makara a aika wa duk wanda ke cikin wayarsu saƙon tozarci. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, wannan ba sabon abu ba ne. Sabon abu, a ganina, shi ne yawan bashin da ba shi da fuskar da za ta tsaya a bayan sahu ta ce na yafe. Al'adarmu ta jana'iza an gina ta ne a kan cewa mai bin ka maƙwabcinka ne, zai ji rasuwarka, zai zo. Ina jin Baffa zai ɗauko biro ya nuna wa yaran nan inda lissafinsu zai karye. Ko zai ce Alhaji ya fi shi gaskiya, wannan ban sani ba. Yana son gidan nan. Shi ya dasa duk itacen da ke cikinsa.

In akwai mai faɗa a ji da zai karanta wannan, roƙona biyu ne, kuma ina yin su da sanin cewa akwai abin da ban hango ba. Idan gwamnati na bin ma'aikaci kuma tana riƙe da haƙƙinsa, a haɗa lissafin wuri ɗaya kafin a kira sunansa a rediyo. Idan kuma mai irin wannan bashi ya rasu, a samu hanyar sanar da magadansa kafin a raba gado, kada a bar abin a hannun wani yaro mai tsoro.

Abin da ya rage na Baffa ba kaɗan ba ne. Akwai ɗalibansa a ko'ina, har yau ana tare ni a hanya a ce shi ya sa aka daina tsoron lissafi. Akwai Inna a ɗakinta, ba wanda ya fitar da ita. Akwai ni, da duk abin da na zama. Amma ba zan ɓoye ba, idan na tuna shi ba fuskarsa ke fara zuwa mini ba. Makarar nan ce a ƙasa, da liman yana jira. Na tambayi malamai uku ko maganar Alhaji ta sauke masa nauyin tun ranar, tunda ya ce duk abin da ake bin sa. Biyu sun ce in sha Allahu ta sauke. Na ukun ya ce Allah ne masani, in dai gaggauta biya. Maganar na ukun ce ta zauna mini.

Waɗanda suka halarci jana'izar nan, ko suka zauna da Baffa a rukunin gidajen, ko suka yi layin fansho tare da shi, in kun ga inda na kauce ku aiko wa jaridar nan da gyara, zan karɓa da godiya. Akwai kuma abu ɗaya da nake nema musamman. Baffa mutum ne mai abokai, kuma da wuya in yarda cewa a duk Sakkwato ni kaɗai ya buɗe wa littafin nan. In akwai wanda ya faɗa wa, wanda shi ma yana cikin sahu a ranar ya ji tambayar liman ya yi shiru, don Allah ya neme ni. Ba zan ambaci sunansa ga kowa ba. So nake kawai in san ko mu biyu ne.